Kwana Ashirin da Ɗaya

Da cikina ya kumbura
matan unguwarmu a Tawa suka yi mini barka.
Likitan Yamai ya ce ba ɗa ba ne,
sankara ce ta kama ƙwan haihuwa.

Yanzu duk kwana ashirin da ɗaya
motar asuba ke bi da ni ta Ƙwanni da Dogon Dutsi,
in miƙa hannu a lalubi jijiya.
Ruwan na ɗiga, ina ƙirgawa,
in ɓace wajen ɗari uku, in sake.

Satin farko, fura ƙarfe ce a bakina,
tafin ƙafa kamar na taka gidan tururuwa.
Lantana mai kitso ta zo da tsinkenta,
ta ga kan, ta yi jim,
ta ce, "Miƙo hannu, lalle za mu yi."

Na biyu, ina share rabin tsakar gida.
Na uku nawa ne:
in ci kwaɗon zogale da yaji,
in yi wa Illa faɗan kuɗin wuta,
in yi dariya har ɗinkin ya motsa.

Gobe mota.
Na dai jiƙa wake.
Wanda ya soya ƙosan ya tuna ba na son gishiri da yawa.