Kunnen Baba a Haraj

Bayan La'asar muka shiga Haraj, kudancin Jidda,
kwalta na huci kamar murfin tukunya.
Riyal dubu talatin da biyu a jakata,
ajiyar shekara uku ta aikin dare a asibiti.
Baba na dafe da kafaɗata
tun da yana ta rufe masa rabin duniya.

Shekara arba'in ya yi kwance a ƙarƙashin motocin mutane
a Kilo Bakwai.
Ido ya tafi. Kunne ya ƙi bin sa.

Dillalin, Muƙbil, ɗan Yaman,
ya daki goshin wata fara fat mai sheƙi:
"Ta malamin makaranta ce, gida, masallaci, gida."
Baba ya ce, "Duk motar da ke filin nan
ta malamin makaranta ce. Tayar mana."

Ta tashi. Ya karkata kai
kamar mai sauraren gulma ta bayan zana.
"Ta wace shekara?"
"Shekarar da suka fito da sabuwar ƙira, Alhaji."
"Kashe ta."

Na ce, "Baba, ita ce mai kyan."
Ya ce, "Rumaisa, kamfani ma koyo yake yi.
Shekarar da ya sake wa mota fuska
giya kan yi shaƙuwa, na'urar sanyi kan yi ƙarya,
kuɗinki ne kuɗin makarantarsa.
Bari wasu su fara biya."

Ta biyu ta girme ta nesa.
Ya zura yatsa a bakin salansa, ya shinshina,
ya ce wannan tana shan baƙin mai a ɓoye.
Ya sa na ɗaga shimfiɗar ƙafa ta baya,
na kankaro busasshen taɓo da farce.
"Ta yi iyo a ambaliya," in ji shi,
"waya ba ta yafe ruwa, sai dai ta jira ki a hanyar Makka."

Ta uku ba wanda ya nuna mana ita.
Ruwan toka, ƙofar hagu a lotse,
kilomita dubu ɗari da casa'in,
ta shekarar ƙarshe kafin a sauya ƙirar.
Baba ya karɓi kofin shayin Muƙbil,
ya ɗora a kan injin tana aiki.
"Gaya mini, yana rawa?"
Shayin na kwance lamo.
Ya yi dariyar da na kwana biyu ban ji ba.
"Auta ce. Duk kuskuren gidansu
an gama yin sa a kan yayyenta."

Ban san lokacin da ya fita daga bakina ba:
"Ni fa, Baba? Ni 'yar fari ce."

Injin na ta ƙaramin gurnaninsa.
Muƙbil ya tafi neman abin da bai ɓata ba.

"Na sani," in ji Baba.
"A kanki na koyi riƙon jariri.
A kanki na koyi tsawa,
ban koyi dainawa ba sai a kan Mudassir."
Ya lalubi kafaɗata, ya same ta inda ya bar ta.
"Ga shi kuma ke ce ba ki taɓa mutuwa a hanya ba."

Muƙbil ya dawo ya ce talatin da biyar.
Baba ya ce ashirin da takwas, ƙofar ta lotse.
Suka rantse, suka rabu, suka dawo,
aka tsaya a talatin, gwajin gareji a wuyansa.

Bayan kwana biyu na ja ta zuwa gida.
Hannuna na zufa a kan sitiyari,
Baba a gefe, ido rufe, na ɗauka barci yake.
Daf da kwanar unguwarmu ya ɗaga yatsa:
"Ƙafar baya ta dama tana kuka kaɗan.
Ba yau ba.
In kin ɗauki albashi."