Faifan Haske

Iskar farkon damina ta ciro kwanon rufin wani
ta maka shi a goshin majami'ar unguwarmu,
aka ce a kira Arzika mai gilashi,
ni da sana'ata ba ta wuce tagar kanti
da madubin masu aski ba.

Na kafa tsani, na hau, na saki baki.
Taga ce, amma zagayayya,
ganye goma sha biyu daga cibiya guda,
darma ta ɗinke su gefe da gefe.
Uku sun zube.
Ta giɓin ina hango shirwa tana shawagi kan Yamai.

Tsoho Selestan, mai shara da kaɗa ƙararrawa,
wanda ya zo daga Kwatano tun gadar kogi tana ɗaya,
shi ke riƙe mini ƙafar tsani.
Da Hausarsa ta kasuwa yake cewa:
wannan jika ce, 'yar ƙarama.
Kakanninta suna can ƙasar sanyi
inda rana ke rowa.
Shekara ɗari takwas ke nan, ko fiye,
magina suka gaji da duhun dutse,
suka yi ta sassaƙarsa har ya koma kamar saƙa,
suka dafa yashi da toka, suka toshe ramukan da launi.
Wanda ya haƙa tushe bai ga ranar buɗewa ba,
sai jikansa.
Manomin da bai san baƙi ba
yakan ɗaga kai ya yi karatu da ja da shuɗi.
Fure suke ce mata. Wardi.

Na ce, mu a Adar faifai muke ce wa wannan.

Innata Tamo, can bayan Tawa,
takan zauna da kaba da basilla bayan ta sauke tuwo,
ta fara da ƙulli ɗan mitsitsi,
ta yi ta juyi, ta yi ta juyi,
nan jan karan dafi, nan baƙin kuloko,
ba ta taɓa zana komai a ƙasa ba.
In an tambaye ta ma'anar ado
sai ta ce, tsakiya dai ka kama,
in tsakiya ta karkace, baki ba ya haɗuwa.
Ita ma ba ta san baƙi ba.

Kwana huɗu ina yawo a Katako.
Ja na samu, wurin mai fitilun mota.
Kore kuwa, kwalabe sun cika gari.
Shuɗin ne ya gagara,
irin shuɗin nan mai zurfi, na rigar da ta kwana uku a marina.
Abin da na samo ya koɗe,
kamar sama da hantsi.
Na ce wa Selestan, zai fita daban.
Ya ɗaga kafaɗa: wace riga ce ta tsufa ba faci?

Na yanka, na goge, na narka darma,
ta ɗiga mini a babban yatsa, tabon yana nan.

La'asar ta yi, ya miƙo mini buta
da kwali mai tsabta,
na yi sallata a gindin dogon yaro.
Da na koma ɗaukar kayana
rana ta riga ta sunkuyo ta yamma,
faifan ya sauko gaba ɗaya daga bango
ya kwanta a kan siminti,
kan kujeru, kan tsintsiyar tsohon,
kan hannuwana masu kanta.
Babu kowa ciki sai mu biyu da wata tsaka.

Na nemi nawa a cikin hasken.
Ga shi can, wajen ƙofa,
fari-fari, kamar baƙo a taron dangi.
Selestan ya zagaya shi da tsintsiya,
bai taka ba.

Jika bakwai aka biya ni.
Biyu na sayi kaba,
ban ma san wa zan kai wa ba.