Ido Gaba, Ido Gefe

Daga kasuwar Gujungu na dawo da kawuna uku,
biyu na awaki, ɗaya na tunkiya,
ina babbaka su da karan gero a bayan danga.
Hansai ta tsuguna, ta toshe hanci, ta ƙi tashi.

Ta ce, Baba, me ya raba idanun akuya,
ɗaya gabas, ɗaya yamma,
kamar 'yan'uwan da gado ya shiga tsakaninsu?

Na juya kan a wuta.
Na ce, wanda ake ci, gefe yake kallo.
Zomo na cin ganyen wake
amma rabin ransa yana bayan ƙeya.
Dubi ƙwayar idon nan, a kwance take
kamar kunyar gona;
ko ta sunkuya kiwo, dajin duka yana cikinta,
daga gindin gawo har bakin rafi.

Mage kuwa, ga ta can a kan rumbu,
tun ɗazu ba ta ƙifta ba.
Idanunta sun haɗa baki a kan abu guda,
tana awo: tsalle ɗaya ne, ko biyu?
Haka mujiyar tsamiya,
haka kurar da ta ɗauke wa kakanki maraƙi a fadama.
Mai farauta bai nemi duniya duka ba,
wuya ɗaya ya ishe shi.

Ƙaurin gashi ya cika tsakar gida.
Hansai ta jawo tasar da nake wanke wuƙa,
ta jira ruwan ya kwanta,
ta leƙa.
Ta taɓa nan, ta taɓa nan.
Sannan ta ɗago ta dube ni
da duka biyun, a gaba.

Wuƙar tana hannuna. Ban ce komai ba.

Ban gaya mata daminar da aka kore mana shanu ba,
yadda na yi wata uku ina tafiya ina waiwaye
har wuyana ya sage,
ina kishin akuya, da ke ganin bayanta kyauta.
An ba mu idon mai bi,
ga shi ƙirjinmu na bugawa irin na zomo.

Bayan isha'i aka sauke romo.
Na tsamo mata ido, rabonta ne tun tana rarrafe.
Ta daɗe tana kallonsa a cikin ludayi,
sai ta tura shi gefen kwano
ta sha ruwan kawai.