Mai Gadin Kayan Wasu

Ƙarfe uku na dare a Łódź,
bene na shida, fitila ɗaya ke ci.
Bogumiła na gaban allo,
shayinta ya huce tun ɗazu.

Kwantena ɗari huɗu da sha bakwai
na rarrafe a gabanta kamar tururuwa,
ko ɗaya ba tata ba.
Mai kayan na Basel yana munshari.
Ya yi hayar idonta shekara uku,
ya sa hannu, ya juya baya.

Sai ɗigo ɗaya ya yi ja.
Motar magani ce, kusa da Ostrava,
sanyi na zurarewa daga cikinta:
digiri takwas, tara.

Ta kira direba. Shiru.
Ta sake.
A kira na biyar Tibor ya ɗaga,
muryarsa duk barci.
"Injin sanyinka ya mutu. Sauka."
Ta ji ƙofa, ta ji takunsa kan tsakuwa,
ta ji yana zagin wata waya da ta kwance.
Bakwai. Shida. Biyar.
Kore.

Jibi wata tsohuwa a Graz
za ta buɗe firji ta ɗauki allurarta
ba tare da ta san da wata Bogumiła ba.
Rahoton safe layi ɗaya ne:
an samu tangarɗa, an gyara.

Ta sauko da asuba.
A shagon ƙasa burodi bai iso ba.
Ta tsaya bakin ƙofa tana hamma,
tana tunanin wa ke gadin motarsa.