Dutsen da Ya Tashi da Azahar

A Wunti na sayo shi, cikin kwali mai sheƙi.
Agogo ne, amma mai shago ya rantse
ya san bugun zuciyata, ya san taku nawa na yi,
ya san tsayin duk inda na taka
bisa tekun da ban taɓa gani ba.

Aikin Dass ne ya sa na ciro kuɗin.
Akwai idon ruwa a cinyar Mbula,
akwai tanki a ƙasa, bayan firamare,
tsakaninsu bututu ɗari da arba'in,
ruwa kuwa ba ya hawa tudu don an roƙe shi.

Da sassafe, sanyi na cizon kunne,
na zauna kan falalen dutse mai tsaguwa kamar leɓe,
na danna manhaja:
mita ɗari bakwai da biyu.
Na rubuta a jikin takardar siminti.
Haladu ya kwance ledar masa, muka karya.

Azahar ta iske mu nan inda muke.
Rana ta sauko ta zauna a kafaɗa,
ƙadangare ma ya nemi tsaguwa ya shige.
Na share gumi, na sake dubawa.
Ɗari bakwai da ashirin da uku.

Haladu, ka ji motsi?
Ya ce, motsin me, maigida?
Na ce, mun tashi sama mita ashirin da ɗaya,
mu da dutse da ledar masa
da akuyar can mai tuƙa.
Ya dubi ƙasa, ya dubi sama,
ya ce to a sauke shi, bai yi sallah ba.

Na kira Zulai, ƙanwata mai karatu a Yelwa.
Sai da ta gama dariya ta ce,
Yaya, ba dutse yake aunawa ba, iska ce.
Duba gefensa, akwai huda kamar ta allura,
nan yake jin nauyin iskar da ke kanka.
In ta yi sauƙi, sai ya ce ka hau.
Zafi kuwa yana buɗa iska
kamar auduga a hannun mai shiɓa.
Ga ɗumin fatarka, ga gumi ya toshe masa hanci.
Bai yi maka ƙarya ba,
abin da ya ji ya faɗa.

Na yi shiru.
Takardar siminti na hannuna, lambobi biyu na hararar juna,
kuɗin jama'a na cikin bututu.

Baba Jatau ne ya hauro da la'asar,
siririn tiyo naɗe a wuya kamar carbi.
Bai tambayi agogo komai ba.
Ya cika tiyo da ruwa, ya ba Haladu baki ɗaya,
ya riƙe ɗaya, ya ce tafi, tsaya, zana.
Daga dutse zuwa kututture,
daga kututture zuwa gindin ɗorawa,
kwana biyu muna bin alli,
ruwan cikin tiyo na kwance daidai da ɗan'uwansa
ko da sanyi ko da rana.

Ran Alhamis famfo ya yi tari,
ya tofar da jar ƙasa,
sannan ya saki.
Yara suka watse da bokiti, wata ta jiƙa littafinta.

Agogon yana nan a hannuna.
Yanzu nakan cire shi, in ajiye a inuwa ya huce,
in gaya masa inda muke kafin in tambaye shi.
Wani dare kuma na bar shi a kunne.
Ina kwance a tabarma, ko juyi ban yi ba,
ina kallo yana sauke ni a hankali,
mita bayan mita,
kamar mai sauke tulu daga kan yarinya,
har barci ya ɗauke ni
ban ga inda ya dire ni ba.