Kofi Mai Jan Murfi

Sun ba ni ɗan kofi mai jan murfi
da ɗaki marar taga a hawa na uku.
Ni Lazaros, mai fasa ƙanƙara a kasuwar kifi ta Tasalonika,
hannuna bai taɓa rawa don sanyi ba.
Ran nan ya yi.

Shekara huɗu unguwa na kallon cikin Evanthia.
Uwata ta kunna kyandir a coci bakwai,
ta ɗaura wa surukarta zare a wuyan hannu,
ba wanda ya ce a duba ɗanta.
Sau uku aka zuba irina da siririn bututu.
Sau biyu shiru.
Na uku ya zauna mako bakwai,
ya fita daren Talata, muna cin wake da man zaitun.

Likita ta juyo da allon wajena.
Ga su nan, ta ce, naka ne.
Na ga 'yan talibambam cikin ruwa mai toka-toka,
kaɗan na iyo, sauran na juyi wuri ɗaya
kamar ɗan dako da kaya suka fi ƙarfin wuyansa.
Papiloma, ta ce. Ƙwayar cuta ce,
takan maƙale wa maniyyi a ka, ta rage masa gudu,
wankin da muke yi ba kullum yake ɓamɓare ta ba.
Ban ce ita kaɗai ce sanadi ba,
amma ba zan taɓa ƙwan matarka ba sai mun jira.

Mun san sunan.
Shi ya sa aka yanke wa Evanthia 'yar tsoka a bakin mahaifa
shekarar da muka sayi firji,
muka ce an rabu ke nan.

A bas ba mu yi magana ba.
Tambayar ta zauna tsakaninmu ba ta biya kuɗin mota ba:
wa ya kawo wa wa?
Na tuna wata Fotini, ina soja a tsibirin Limnos.
Na san ita ma tana juya wani suna a ranta
wanda ban taɓa tambaya ba.
Likita ta riga ta faɗa: baƙuwar takan kwanta shekaru,
ba tari, ba atishawa, ba sawu,
mai neman asalinta yana awon teku da cokali.

Daf da Farar Hasumiya ta ce mu sauka.
Ta sayi gasasshiyar masara a bakin ruwa,
ta karya biyu, ta miƙo mini babban ɓangaren.
Yanzu ka san yadda kujerar nan take, ta ce.
Ba ta ƙara ba. Gishiri na ƙona mini leɓe.

Wata shida, in ji takarda.
Jiki yakan kori abin da kansa in an ba shi lokaci,
sai dai lokacin daga aljihun Evanthia ake ɗiba,
ta cika talatin da takwas a watan da ya wuce.
Na yar da sigari. Na yi rigakafi
a layi ɗaya da yara 'yan shekara goma sha biyu,
wani mai giɓi ya dube ni ya ce,
Kawu, kada ka kalli allurar.

Ranar Lahadi na faɗa wa uwata.
Ta daɗe tana goge farantin da ya riga ya bushe,
sannan ta nemi almakashi,
ta yanke zaren daga hannun Evanthia,
ta rasa inda za ta ajiye shi.

Yau na koma hawa na uku.
Kofin ne dai, murfin ne dai.
Sakamako sai Alhamis.
Kafin nan akwai kifi akwati arba'in da ke jiran ƙanƙara,
da mace a bakin ƙofa, riƙe da rigar sanyina.