Kofin Baba Jatau

Ran Litinin ya fara, kaɗan-kaɗan,
kamar gulma a bakin ƙofa.
Kafin Alhamis ya zama mai gida:
ya hau kujera, ya shige aljihun farar rigata,
ya bi ni cikin keke har Kawo,
wata mata ta matsa gefe tana hararar takalmina.

Wari ne na ruɓaɓɓen ƙwai
da ya kwana a ruwan kwata.
Mu da muke auna jinin mutane da fitsarinsu,
mu faɗa musu abin da ya ɓuya a cikinsu,
ga ɗakin gwajinmu ya kwanta ciwo
mun rasa sunan cutar.

Rahila ta ce firji ne,
tunda wuta ta yi kwana uku ba ta leƙo ba.
Muka kwashe kwalabe, muka wanke shi tas.
Tanimu ya rantse ɓera ne ya mutu a silin,
ya hau tsani da tocila a baki,
ya sauko da yana a gemu
da takalmin wani, ƙafa ɗaya.
Ni kuwa, Allah ya yafe mini,
safar ɗan bautar ƙasa na zarga,
kwana biyu ina amsa gaisuwarsa da hanci.

Oga ya sayo turaren fesawa mai ƙamshin lemo.
Warin ya sa sabuwar riga ya dawo.
Muka kunna fankar da ke zuƙe iska waje,
sai ka ce kiransa muka yi.

Mako uku.
Masu kawo jini suna miƙo hannu daga taga.

Ran Asabar a Kasuwar Barci
na ci karo da Baba Jatau yana taya buta.
Shekara ashirin da shida yana share mana ɗakin,
wata biyu ke nan da muka sallame shi
da agogon bango da shadda yadi biyar.
Ya tambayi kowa da sunansa.
Fansho? Ya ce ana ta cewa gobe.
Don in sauya zance na kawo masa kukan wari.

Bai yi dariya ba. Ya ajiye butar.
Ya ce, wa ke ba ramin ruwa?
Na ce, wane rami?

Bayan kabad ɗin ƙarfe, in ji shi,
ƙarƙashin kwalin safar hannu.
Duk Juma'a kafin in tafi masallaci
kofi biyu nake ba shi.
In maƙogwaronsa ya bushe,
numfashin masai ne ke hawowa.

Litinin mu huɗu muka ja kabad,
yana ihu a kan siminti.
Ga shi nan, bai fi tafin hannu ba,
baki buɗe, ya bushe ƙamas.
Na tsiyaya masa ruwa.
Ya haɗiye da ƙara, ƙwat, ƙwat,
kamar mai buɗa baki.
Kafin la'asar Rahila ta cire ƙyallen hancinta,
na je na gai da ɗan bautar ƙasa hannu biyu.

Na duba littafin ƙa'idoji, shafi ɗari da goma,
na duba takardun da ke manne a bango.
Babu rami, babu Juma'a, babu Jatau.

Kofinsa na nan bayan ƙofa,
shuɗi, na roba, mariƙinsa ya karye.
Ni ke zubawa yanzu.
Ina zubawa ina lissafi:
me kuma yake yi da ba mu gani ba?

Jiya ƙofar ta fara kuka in an tura ta.
Shekarata tara a nan,
ban taɓa jin muryarta ba.